Nanoselulos: Kusan Shekara Dubu Biyu Ana Tsefe Zaren Takarda

Mai karatu, idan akwai takarda kusa da kai, ta littafi ce ko guntun kwali, ɗan yagi gefenta ka ɗaga ta saitin haske. Za ka ga wasu siraran zaruruwa kamar gashi sun miƙe a bakin yagar. Waɗannan zaruruwan su ne takardar, an zube su kan juna birjik, babu saƙa babu ɗinki. Sunan abin da aka yi su da shi selulos, wato sinadarin da tsirrai ke gina jikinsu da shi. Shi ne a auduga, shi ne a karan dawa, shi ne a igiyar rama.

A 'yan shekarun nan ana yawan jin wata kalma a wajen masu binciken takarda da na tace ruwa: nanoselulos. Ana cewa yana ƙara wa takarda ƙarfi, yana tare ƙwayoyin cuta a ruwa, kuma ba ya ɓata muhalli kamar leda. Akwai gaskiya a ciki. Amma idan ka bi tarihinsa za ka tarar dabarar tsohuwa ce tukuf, ita ce dai wadda masu takarda suka fara da turmi da taɓarya. Za ka kuma ga cewa sai da aka yi kusan shekara 30 da gano shi kafin ya shiga kasuwa sosai, kuma kuɗin wuta ne ya tsare shi. Wannan ɓangaren na labarin shi zai taimake ka ka auna duk wata magana da za ka ji a kansa.

Me ke riƙe takarda?

Bari mu fara daga nan, don sauran bayanin duk a kansa ya hau. Selulos doguwar sarƙa ce ta sukarin gulukos, dubbai a jere. A jikin sarƙar akwai wasu 'yan hannaye na oksijin da haidirojin masu son kama abu. Idan zaren yana cikin ruwa, ruwan suke kamawa. Da ruwa ya fara bushewa sai ya janyo zaruruwan su matsu da juna, hannayen wannan su kama na wancan. Masana kimiyya na kiran wannan riƙon ɗaurin haidirojin. Ɗaya ba shi da wani ƙarfi, amma idan suka kai biliyoyi sai ka ga takarda ta tsaya. Shi ya sa da ruwa ya taɓa ta take saki, ruwan ya dawo ya ƙwace hannayen kenan. A masana'anta ana ƙara sitaci da wasu sinadarai, amma tushen ƙarfin wannan riƙon ne.

To ka ga ashe yawan wurin da zare ke taɓa ɗan'uwansa shi ne yawan ƙarfin takarda. Zare mai santsi kamar tsinke kaɗan yake taɓawa. Wanda aka daka har ya tsefe, ya yi buzu-buzu, ta ko'ina yake kamawa. Sai dai tsefewar tana da farashi biyu: tana cin ƙarfi, kuma ƙullun da aka daka sosai yana riƙe ruwa, ba ya tsanewa da wuri. Riƙe waɗannan biyun a ranka, za mu yi ta cin karo da su.

Zamanin turmi da tsumma

Tarihin ƙasar Sin ya rubuta cewa a shekara ta 105 miladiyya wani bafaden daular Han, Tsai Lun, ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace, tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi. Masu tonon kayan tarihi sun sami guntayen takarda da suka girme shi, amma shi ne sunan da ya tsaya a kan gyara sana'ar. Yadda ake yi kuwa: a jiƙa, a dafa, a daka har ya zama ƙullu, a dama da ruwa mai yawa, a ɗebo da faffaɗar rariya, a shanya.

Sana'ar ta bi hanyar fatake zuwa Samarƙand, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Haruna Rashid, ana yin takarda a Bagadaza. Daga nan ta isa Masar da Magrib da Andalus, inda garin Shaɗiba, wanda ake jingina Imam Shaɗibi gare shi, ya yi suna da ita a ƙarni na 12. A ƙarni na 13 mutanen Fabriyano a Italiya suka ɗaura jerin guduma a jikin injin da ruwan kogi ke juyawa, daka ya daina zama aikin ƙwanji. Su ne kuma suka fito da tambarin da ba a gani sai an ɗaga takarda a haske. Idan ka taɓa ɗaga tsohon littafin hannu na malaman Kano ko Sakkwato na ƙarni na 19, mai yiwuwa ka ga jinjirin wata uku a jere. Takardar tsumma ce daga arewacin Italiya, wadda ta ratso Tarabulus da Sahara a bayan raƙuma.

A ƙarshen ƙarni na 17 mutanen Holan suka ƙera wani inji mai gangar ƙarfe da wuƙaƙe, yana juyawa cikin kwarmin ruwa yana murje tsumma. Abin da guduma ke kwana tana yi, shi cikin 'yan awanni yake gamawa. Injinan murza ƙullu na masana'antun yau jikokinsa ne.

Da tsumma ya yi kaɗan

Injin ɗab'i ya yawaita littattafai da jaridu, sannan a 1798 wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya ƙera injin da ke fitar da takarda doguwa ba yankewa. Tsumma ya kasa isa. Tun 1719 masanin ƙwari René de Réaumur ya nuna wa majalisar masanan Faransa cewa rina na tauna itace ta gina gidanta da wani abu mai kama da takarda, amma sai a 1844 wani masaƙi a Jamus, Friedrich Keller, ya haɗa injin da ke goga itace a jikin jiƙaƙƙen dutsen niƙa ya fitar da ƙullu.

Takardar ta yi araha, amma ba ta da ƙarko. Dalili shi ne selulos bai wuce kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na itace ba. Sauran akwai wani abu mai suna liginin, wanda ke manne zaruruwan kamar ƙaro. Shi ke hana su kama juna a takarda, shi ne kuma ke sa tsohuwar jarida ta yi ja ta riƙa karyewa. Wanda ya fara ware selulos daga sauran tarkacen shi ne Anselme Payen na Faransa a 1838. Sai a 1879 Carl Dahl ya fito da hanyar dafa guntayen itace da soda mai ƙuna da wani gishirin farar wuta, liginin ya narke, zaren ya fito lafiyayye. Aka sa wa hanyar suna kiraf, kalmar Jamusanci mai nufin ƙarfi. Takardar buhun siminti mai ruwan ƙasa da fatar kwali duk ita ce, kuma har gobe ita ce hanyar da aka fi bi a duniya.

Wata matsalar ta rage. Itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura suna ba da zare mai tsawon milimita 2 zuwa 4. Itatuwa masu faffaɗan ganye nasu bai cika wuce milimita 1 ba. Gajeren zare na ba da takarda mai santsi amma mai saurin yagewa, haka ma zaren da aka sake sarrafawa daga tsohuwar takarda, don kowane zagaye yana ƙara gajarcewa da tauri.

Zare a cikin zare

Ka san yadda ake tufka igiya: sili-sili ake murɗawa su zama kirtani, kirtani ya zama igiya. Zaren itace ma haka yake. Wanda ka gani a bakin yagar nan faɗinsa wajen maikiromita 30 ne, ƙasa da kaurin gashin kai. A cikin bangonsa akwai dami-dami na ƙananan zaruruwa, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu faɗinsa nanomita 3 zuwa 4 ne kacal. Nanomita ɗaya shi ne ka raba mita gida biliyan ɗaya ka ɗauki ɗaya. Kaurin takardar littafi guda ya kai nanomita 100,000. Duk selulos ɗin da aka tsefe har faɗinsa ya sauko ƙasa da nanomita 100, shi ake kira nanoselulos.

An daɗe kafin a gan shi. A 1886 wani masanin Ingila, Adrian Brown, ya binciki fatar da ke taruwa a saman ruwan khal idan yana tsami, ya gano selulos ce tsantsa, kuma bakteriya ce ke saƙa ta. Nanoselulos ne a hannunsa, amma babu madubin da zai nuna masa. A 1920 Hermann Staudinger na Jamus ya ce irin su selulos da roba dogayen sarƙoƙi ne, manyan masana suka yi masa ca, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan maganar. Madubin ilektiron da aka ƙera a shekarun 1930 shi ya buɗe ido.

Tsakanin 1949 da 1951, a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, wani matashin mai bincike, Bengt Rånby, ya jiƙa selulos a asid ɗin salfa, irin na ruwan batir. Asid ɗin ya cinye wuraren da sarƙoƙin suka hargitse, ya bar wuraren da suka jeru tsaf. Abin da ya rage wasu 'yan allurai ne masu tauri, tsawonsu 'yan ɗaruruwan nanomita, suna yawo cikin ruwa ba sa kwantawa. Ka ga iri biyu kenan: na bakteriya, da 'yan alluran asid. Na ukun shi ne ya fi shafar takarda.

Injin madara da kuɗin wuta

A 1977, a ɗakin binciken kamfanin ITT Rayonier da ke jihar New Jersey ta Amurka, Albin Turbak da abokan aikinsa suka zuba ƙullun itace a injin da ake tura madara ta ciki don kada mai ya taso sama. Injin yana matsa ruwa ta wata 'yar ƙofa da ƙarfin da ya ninka matsin iska sau ɗaruruwa. Suka yi ta mayar da ƙullun yana zagayawa. Can sai ya daina kama da ƙullu, ya koma kamar koko mai kauri, alhali kusan kashi 98 cikin 100 nasa ruwa ne. Zaruruwan sun tsefe sun zama raga ta siraran silla masu tsawo. A 1983 suka buga sakamakon, tare da jerin abubuwan da suke ganin za a yi da shi, daga abinci da fenti zuwa takarda.

To a nan gizo ke saƙar. Kafin a sami tan ɗaya sai an ƙona wutar da ta kai kilowat-awa 20,000 zuwa 30,000. Idan kana sayen wuta ta mita, kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Wato kilo guda na wannan abu yunit 20 zuwa 30 yake ci. Ga shi kuma dogayen zaruruwa na yawan toshe ƙofar injin. Babu mai masana'antar da zai zuba abu mai wannan tsada a takardar da ake sayarwa da arha. Kamfanin bai ci gaba da shi ba. Kamfanin Daicel na Japan ya riƙa yin kaɗan don wasu buƙatu na musamman, sauran duniya kuwa ta kusa mantawa da shi har shekara ashirin da wani abu.

Ka lura, a wancan lokacin babu mai hankalin da zai kira shi abokin muhalli. Daga itace aka yi shi, gaskiya ne, amma wutar da ya sha ta fi ƙarfin amfaninsa.

Yadda aka sassauta ɗaurin

Mafita ta zo ne daga wata dabara da kowace mai dafa wake ta sani: a jiƙa tukuna, ko a jefa kanwa, kafin a ɗora a wuta. Maimakon a ƙara wa inji ƙarfi, sai a fara sassauta riƙon da ke tsakanin siraran zaruruwan.

A 2006 Tsuguyuki Saito da Akira Isogai na Jami'ar Tokyo, tare da Yoshiharu Nishiyama da ke aiki a Faransa, suka yi amfani da wani sinadari mai suna TEMPO haɗe da bilic. Aikinsa shi ne ya dasa cajin lantarki iri ɗaya a bayan kowane siririn zare. Ka san idan ka haɗa maganaɗisu biyu ta fuska iri ɗaya ture juna suke yi. Haka zaruruwan suka riƙa ture juna, ɗan markaɗe kaɗan ya isa ya raba su ɗai-ɗai, kowanne nanomita 3 zuwa 4. A 2015 Sarkin Suwidin ya miƙa wa su ukun kyautar Marcus Wallenberg, wadda ita ce babba a fagen binciken itace.

A 2007 kuma masu bincike na Suwidin da Finlan suka nuna wata hanya mai taushi. Suka sa enzayim, irin sinadarin da ke taimaka wa gara narkar da itace a cikinta, ya ɗan daddatsa zaren kafin a kai shi inji. Toshewa ta ragu, zagayen ya ragu. Da irin waɗannan shirye-shiryen, wasu masu binciken suka ba da rahoton wutar ta sauko zuwa wajen yunit 1,000 a tan, ragin da ya haura kashi 90 cikin 100.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 2008 Marielle Henriksson da Lars Berglund na cibiyar fasaha ta KTH a Stockholm suka yi takarda da nanoselulos zalla, suka auna ƙarfin janta ya kai megafaskal 214. Ma'anarsa, idan ka yanki siririn tsiri da bakinsa bai wuce milimita ɗaya faɗi da milimita ɗaya kauri ba, zai ɗauki jarkar ruwa mai lita 20 kafin ya tsinke. A 2009 Masaya Nogi da Hiroyuki Yano na Jami'ar Kyoto suka yi wadda ake ganin abu ta cikinta kamar gilashi, saboda zaruruwan sun yi ƙanƙantar da ba sa warwatsa haske, kuma babu iska a tsakaninsu.

Masana'antu suka biyo baya. A 2011 cibiyar Innventia ta buɗe ta gwaji a Stockholm mai yin kilo 100 a rana. A 2012 CelluForce ya buɗe ta 'yan alluran asid a lardin Kebek na Kanada, tan ɗaya a rana. A 2016 Borregaard ya fara a Norwe da tan 1,000 a shekara, a 2017 Nippon Paper ya buɗe mai tan 500 a shekara a Ishinomaki ta Japan. Kada adadin ya ruɗe ka: duniya na yin takarda da kwali wajen tan miliyan 400 a shekara, don haka har yanzu ɗigo ne a kogi.

Me yake yi a cikin takarda?

Ba a cika yin takarda da shi zalla ba. Barbaɗa shi ake yi a ƙullu, sau da yawa kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Yana shiga tsakanin manyan zaruruwa ya cike giɓi, ya zama gada daga wannan zuwa wancan. Riba ta farko ita ce a rage kaurin kwali ba tare da ya rasa ƙarfi ba, wato itace kaɗan, nauyin dako kaɗan. Kamfanin Stora Enso na Finlan ya yi haka da kwalin zuba madara. Ta biyu ita ce alli. Masu takarda na zuba garin alli don ta yi fari ta kuma yi araha, amma alli ba ya kama zare, yana raunana ta. Nanoselulos yana ɗaure allin da zaren, sai a iya ƙara shi a rage itace. Ta uku, yana tallafar gajeren zare da wanda ya gaji da sake sarrafawa.

Ana kuma shafa shi a bayan takarda. Idan ya bushe yana yin fata mai matsewa wadda iskar oksijin da maiƙo ke wahalar ratsawa, aikin da yanzu leda da alminiyon ke yi a kwalin abinci. Sai dai da danshi ya yi yawa fatar na kumbura ta saki. Wannan har yanzu ana fama da shi.

Daga gefen zane zuwa matacin bairos

Tace abu da selulos ma tsohon aiki ne. Duk wadda ta taɓa tace gasara da ƙyallen auduga ta yi shi. A 1908 wata matar aure a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta ciro takardar tsotse tawada daga littafin ɗanta ta tace kofi, daga nan matacin kofi na takarda ya samo asali. A 1943 likita Willem Kolff na Holan ya haɗa injin wankin ƙoda da siririyar fatar selulos. Wajen 1960 Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan a Kalifoniya suka yi fatar da ke raba gishiri da ruwan teku, ita ma daga selulos da aka sarrafa. Bayan haka ne matatan roba da ake yi da man fetur suka mamaye kasuwa.

Ƙa'idar rariya ɗaya ce: abin da ya fi ƙofa girma ba ya wucewa. Kwarkwatar ruwan da ke ɗauke da kurkunu ta kai kusan milimita ɗaya, shi ya sa ƙyallen tacewa ya taimaka wajen kawar da cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. A Bangaladash, Rita Colwell da abokan aikinta suka koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zanensu sau huɗu su tace ruwan sha. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100, domin ƙwayar cutar na maƙale ne a jikin wasu ƙananan halittun ruwa da zanen ke tarewa. Amma ƙofofin ninkakken zane sun kai maikiromita 20. Bakteriya ita kaɗai maikiromita 1 zuwa 2 ce. Bairos kuwa da nanomita ake auna shi, daga wajen 20 zuwa 'yan ɗaruruwa. A wajensa zane ƙofar gari ce a buɗe.

Girman ƙofar mataci yana bin kaurin zaren da aka yi shi da shi, kamar yadda asabari da zanen atamfa suka bambanta. A 2014 ayarin Albert Mihranyan a Uppsala, jami'ar da Rånby ya yi aikinsa, suka yi takardar tacewa da nanoselulos na wata gansakuka, ƙofofinta kimanin nanomita 19. Suka gwada ta da bairos ɗin murar aladu, mai girman nanomita 80 zuwa 120. Abin da ya tsallake bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Sun zaɓi gansakuka ne saboda zarenta na da tauri, ba ya manne wa juna ya rufe ƙofofin idan ya bushe kamar na itace. A 2019 suka haɗa kai da masu bincike na Bangaladash suka yi irin takardar da gansakukar da ke tsirowa a tafkunan ƙasar, suka gwada ta da ruwan kogi da na tafki a Dhaka, ta tare bakteriya da bairos.

Kafin ka yi murna da yawa, ga iyakarta. Ƙananan ƙofofi na nufin ruwa na wucewa a hankali, sai da matsi, kuma ruwa mai laka yana saurin toshe su. Gishiri da gubar ƙarafa da suka narke a ruwa sun fi ƙofofin ƙanƙanta, suna wucewa abinsu sai in an dasa wa zaren wani caji da zai kama su. Fa'idarta a kan matacin roba ita ce ba daga fetur ta fito ba, kuma idan ta gama aiki ana iya ƙona ta ko ta ruɓe.

Lissafin da ya rage

Ka tuna farashi biyun nan na zamanin turmi? Na farko, ƙarfi, an rage shi sosai amma an musanya wani sashensa da sinadarai. Hanyar 'yan allurai na buƙatar asid mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, da ruwa mai yawa na wanke shi. TEMPO yana da tsada, kuma ruwan da ya fito daga aikin sai an gyara shi kafin a zubar. Idan ba a dawo da waɗannan an sake amfani da su ba, an rage ɓarna a wajen wuta an ƙara ta a kogi.

Na biyu, riƙe ruwa, yana nan daram. Nanoselulos na sa ƙullu jinkirin tsanewa, kuma injin takarda da ke gudun fiye da mita 1,000 a minti ba ya jira. Busar da takarda shi ne ya fi komai cin makamashi a masana'anta. Shi kansa nanoselulos ɗin idan aka busar da shi dunƙulewa yake yi ya ƙi sake watsuwa, don haka ana sayar da shi a jiƙe, kashi 2 zuwa 10 ne kawai kayan, sauran ruwa. Mai ɗauko shi daga nesa dakon ruwa yake biya. Shi ya sa wasu kamfanoni, irin su FiberLean, suka koma kafa injin tsefewar a cikin masana'antar takardar kanta.

Ina mu a ciki?

Najeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku: Jebba da ta fara aiki a 1969, Oku-Iboku a 1986, sai Iwopin. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka durƙusar da su shi ne dogon zare. Malaina da aka shuka musu gajeren zare take bayarwa, dogon kuwa sai an sayo daga waje da kuɗin ƙetare. Yau mafi yawan takardar da muke rubutu a kai shigo da ita ake yi. Abin da ke ƙarfafa gajeren zare ya shafe mu kai tsaye kenan. Kayan kuma muna da su: ɓawon rama na da dogon zare, auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, ga tuƙar rake, ga karan dawa da na masara, ga bambaron shinkafa da ake cinna wa wuta bayan girbi. Duk an fitar da nanoselulos daga irinsu a ɗakunan bincike na ƙasashe daban-daban.

Amma fitar da giram goma a ɗakin bincike daban, tan goma a masana'anta daban, kuma Turbak ya riga ya nuna mana tazarar da ke tsakani. Nanoselulos ƙari ne a kan ƙullu, sai akwai masana'antar da ke yin ƙullun, da wuta tsayayya, da hanyar gyara gurɓataccen ruwa. Don haka duk ranar da ka karanta cewa an yi nanoselulos daga wani sharan gona, a nan gida ko a waje, nemi amsar waɗannan a cikin rahoton: yunit nawa na wuta kilo ɗaya ya ci, ina asid ko bilic ɗin ya tafi bayan an gama, lita nawa na ruwa aka ɓata, kuma itace ko leda nawa ya maye gurbinsu. Idan amsoshin suna nan kuma sun yi kyau, aikin ya cancanci a zuba masa kuɗi. Idan babu su, to binciken bai wuce inda ake a 1983 ba tukuna.